Kafin ka ba tirela kayanka a Kaduna: kamfani, mai mota ɗaya, ko ɗan kamasho?

Duk mai ɗora kaya daga Kaduna zuwa Legas ko Fatakwal, masara ce daga Saminaka ko citta daga Kachia, hanya uku gare shi. Ko ya je wa kamfani mai rajista, ko ya samu wani Alhaji mai daf ɗaya ko biyu, ko ya bar wa 'yan kamasho na Mararraban Jos da Tafa su nemo masa mota. Ni dai ba ɓoye-ɓoye, kamfani nake so duk da tsadarsa, don shi ne kaɗai za ka iya tono tarihinsa kafin buhunka ɗaya ya hau mota.

Tun 2007 'yan Road Safety suka fito da tsarin da suke kira RTSSS, duk wanda ke da mota biyar ko fiye dole ya yi rajista da su, ya ajiye ma'aikaci na musamman mai kula da lafiyar motoci da direbobi, su kuma su zo su duba su ba shi satifiket. To wannan takardar ita za ka fara tambaya, kuma ka dubi shekarar da ke jiki, don wasu tsohuwa ce suka sa a firam suka rataye a ofis tana ta shan ƙura. In ranka bai kwanta ba ka taka zuwa ofishin Road Safety na jiha ka tambaya, ba abin kunya ba ne, dukiyarka ce. Sunan kamfanin kuma ka buga a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a wayarka ka ga ko akwai shi ma.

Amma gaskiya abin da ya fi sa ni son kamfani garejinsu ne. Ka ce a kai ka inda motocin suke kwana. Kamfanin kirki za ka tarar da bakanike nasu, da littafin da ake rubuta ranar da aka yi wa kowace mota sabis da ranar da aka taɓa birki, manaja ba ya jin haushi in ka ce ya buɗe maka. Ka tambaye shi kai tsaye, ranka ya daɗe a bara mota nawa ta faɗi, kuma yaya kuka yi da masu kayan? Wanda ya ce maka tun da suka fara ko madubi ba su taɓa fasawa ba, a wannan hanyar ta Abuja, tashi ka kama gabanka. Mai gaskiya zai faɗa maka inda ta faɗi da yadda aka biya, har ya ba ka lambar ɗan kasuwar ka kira ka ji da kunnenka.

Sai ka durƙusa ka dubi taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019 aka ƙera ta, su kuwa Road Safety shekara 4 suka ba taya. Za ka ga wata an wanke ta an shafa mata baƙi tana sheƙi, ka sa farce a tsagin sai ka ga duk ta tsattsage. Ka tambayi na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara kama motocin haya a kanta tun Fabrairun 2017, a doka tirela ba ta wuce kilomita 60 a awa a babban titi. Lasin direba kuma ajin G ne na tirela, in ka ga wani harafi daban to ba nasa ba ne wannan aikin.

Mai mota ɗaya in ka san gidansa kun daɗe tare babu laifi, sai dai ran da injin ya buga a Mokwa ba shi da wata da zai turo, kayanka za su kwana nan har a gyara. Ɗan kamasho kuwa shi ba mota gare shi ba, waya gare shi.

Inda nake so a buɗe kunne shi ne inshora, don nan aka taɓa ƙona ni. Wani ya kawo min mota da takardu fes har da hatimi, motar ta kwanta da masara a hanya ana tsakiyar damina, da aka je neman diyya sai kamfanin inshorar suka ce su ba su san da wannan lambar ba, a shagon kwamfuta aka buga takardar, shi kuma mutumin wayarsa a kashe har yau. Saboda haka kar ka yarda da takarda, ka sa lambar motar a shafin askniid na tantance inshorar mota ko ka danna *565*11# a wayarka ka ga ko sunanta zai fito. Kuma ko ta gaske ce ka lura wace iri ce. Wadda yawancinsu ke yanka, ta naira dubu 100 ga manyan motocin ɗaukar kaya tun Janairun 2023, ɓarnar da motar ta yi wa wani a hanya take biya, ba ruwanta da buhunanka. Inshorar kaya a kan hanya daban take, ka ce a nuna maka ita, ka karanta adadin kuɗin da ta ɗauka, in bai kai darajar kayanka ba ka yanki taka.

Cutar ba a nan ta tsaya ba wallahi. Akwai masu nuna maka mota sabuwa ranar ciniki, ranar lodi a turo wata kwarakwasa. Akwai masu canza lamba, ta jikin mota daban ta cikin takarda daban, shi ya sa nake cewa ka sa yaronka ya haɗa lambar shasi da ta takarda. Akwai direban da zai fita gari ya tsaya ya ƙara lodi a kan naka, ko ya ɗora fasinja a saman buhuna don kuɗin cefane, in an kama shi kayanka ne za su kwana a ofis. Har cikin kamfanonin ma, don kar a ce na fiya yabonsu, akwai masu karɓar aiki in motocinsu sun fita su sayar wa ɗan kamasho a ɓoye, ka biya kuɗin kamfani ka samu aikin tasha.

Don haka a rubuta lambar motar da sunan direba a webil, wato takardar rakiyar kaya, ka ɗauki hoton direban da lasinsa da yaron motarsa tsaye a gaban motar, kuɗi kuma ta asusun kamfani kawai, ba na wani manaja ba. Rabi ka bayar na mai, cikon sai wanda ke jiran kayan ya ƙirga buhuna ya kira ka.