Garin agar ko farantin da aka riga aka zuba: wanne za ka saya?

Duk mai ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje da ke son fara rainon ƙwayoyin bakteriya a kan agar (abincin da ake zubawa a faranti don su tsiro a kai), tambayar farko ba ta kamfani ba ce. Ka duba firijinka tukuna.

Faranti haɗaɗɗe yana da daɗin sha'ani, ka ɓare leda ka shafa samfur kawai. Amma sai an ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wa'adinsa gajere ne. Inda ake ɗauke wuta a kwana biyu ba a kawo ba, kuɗinka ne ke bushewa a cikin leda. Wanda samfur biyar kawai ke zuwa masa a mako, kuma yana da sola, shi ne ya dace da wannan.

Ga sauran jama'a, ni dai gari nake zaɓa. Kwalbar giram 500 ta nutrient agar (agar na gama-gari), a kan giram 28 kowace lita, tana ba da kusan lita 18, wato faranti sama da 800 idan kana zuba mililita 20. Kamfanonin Oxoid da HiMedia da Difco duk suna yi. HiMedia ta Indiya ta fi sauƙin kuɗi, kuma tana aiki. Abin lura shi ne garin yana tsotsar danshi. A damina, idan an bar murfi a sake, za ka tarar ya dunƙule kamar sukarin da ya sha iska, to wannan ya tashi aiki. Kafin ka biya, girgiza kwalbar ka ji ko garin yana zuba, ka karanta ranar ƙarewar wa'adi. Idan aikinka kaɗan ne, ɗauki ta giram 100.

Sai dai gari yana janyo wasu sayayya: sikeli mai auna giram daidai, tataccen ruwa (na famfo ko rijiya yana canza sakamako), da tukunyar kashe ƙwayoyi. Otokilab ita ce ta gaske, digiri 121 na minti 15. Babbar tukunyar matsi ta girki tana iya tsayawa a madadinta idan tana kaiwa matsin fam 15, amma da yawa ba sa kaiwa, saboda haka ka tambaya. Ka haɗa da tef ɗin da ke sauya launi idan zafin ya kai.

Kuma ba kowane gari ake sa wa otokilab ba. Agar ɗin TCBS na kwalara da XLD na binciken bayan gida tafasawa kawai suke so. Agar na jini kuwa sai ya huce zuwa digiri 45 zuwa 50 kafin a zuba jinin tunkiya kashi 5 cikin 100. Idan samun jinin zai yi maka wuya, wannan ɗaya ka saya a haɗe, sauran ka dafa da kanka.