Sharhi: Mako guda a gidan hayar ƙauyen Faransa, mu ba Faransanci, su ba Turanci

A watan Agustan bara ni da uwargida da yaranmu uku muka tashi daga Birmingham ta Ingila, muka shiga jirgin ruwa da motarmu a Portsmouth, bayan kamar awa 6 muka sauka kusa da Caen a yankin Nomandi na Faransa. Gidan da muka kama yana wani ƙauye kusa da Bayeux, irin wanda Faransawa ke kira gîte: tsohon ginin gona da aka gyara, ana ba masu hutu haya daga Asabar zuwa Asabar. Ta hannun Gîtes de France muka same shi, ƙungiyar da ke wannan aiki tun 1955. Su da alamar zangarniyar alkama suke nuna darajar gida, daga ɗaya zuwa biyar. Namu mai uku ne.

Masu gidan dattawa ne, mata da miji, manoma da suka ajiye aiki. Ba sa jin Turanci ko kaɗan, ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Kafin tafiya komai ta rubutu muka yi, kuma a nan manhajar fassara ta waya ta biya ni. Sai na rubuta gajeriyar jimla, magana ɗaya tak, in fassara, in sake juyo ta in ga ko ma'anar tana nan, sannan in aika. Amma takardar yarjejeniya ta nuna mini iyakar na'ura. Akwai kalmar caution, wadda manhajar ta ba ni a matsayin gargaɗi. Ashe kuɗin ajiya ne da za ka damƙa ranar shiga, a mayar maka idan ba ka lalata komai ba. Namu Yuro 300 ne. Da na tafi a kan fassarar nan, da mun isa ƙofar mutane ba mu tanadi kuɗinsu ba.

Wanda ya warware mini shi ne yayana, ɗan kawuna da ke Damagaram, wanda ya yi bokonsa duka da Faransanci. Na tura masa hoton takardar ta WhatsApp, na ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan kafin in sa hannu." Ya bi ta layi-layi da saƙon murya. Shi ya nuna mini cewa draps, wato zannuwan gado, ba sa cikin kuɗin haya, ko ka zo da naka ko ka biya. Ménage kuɗin share gida ne ranar fita. Akwai kuma taxe de séjour, harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan kowane baligi a kowane dare, ban da 'yan ƙasa da shekara 18. Ya ƙara da abin da ba ya cikin takarda: "Ƙanina, kada ka soma magana da Bafaranshe ba ka ce bonjour ba, ko a shago ne. Kamar ka faɗa gidan mutum ba sallama ne." Wannan bai yi mini wuya ba, mu da muka tashi ana koya mana gaisuwa kafin komai.

Ranar shiga an ce ƙarfe 16, wato huɗu na yamma. Dattijuwar ta tarbe mu da takarda a hannu don abin da suke kira état des lieux, zagaya gida tare da ƙirga kaya: kofuna, cokula, kujeru, har lambar mitar wuta. A nan manhajar ta gaza. Bangon gidan dutse ne mai kauri, intanet ba ya ratsa shi sosai, ita kuma tana magana da sauri, mijin yana sa baki. Lissafinsu ma wani abu ne daban: casa'in a bakinsu "ashirin huɗu da goma" ne, saba'in kuma "sittin da goma". Sai na ciro biro na miƙa mata. Daga nan duk wata lamba, ta kuɗi ko ta lokaci, rubutawa muke yi. Injin dumama ruwa kuwa, dattijon ya kama hannun babban ɗana ya nuna masa yadda ake kunnawa, sau biyu, har ya iya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kyautar maraba. Sun ajiye mana cukun Camembert da kwalbar cidre a kan tebur. Cidre giyar tuffa ce, abin alfaharin mutanen Nomandi, kuma da zuciya ɗaya suka ba mu. Ban so na'ura ta faɗa musu ba ma sha a madadina ba, don gudun ta fito da kaushi. Na fita tsakar gida na kira Yaya, na miƙa wa dattijuwar wayar. Ya yi mata godiya sosai, ya bayyana mata mu Musulmi ne, ba ma shan giya. Ta dafa ƙirji tana ba da haƙuri, alhali ba ta yi laifin komai ba. Washegari da safe muka tarar da kwalba biyu na ruwan tuffa zalla a bakin ƙofa, da ƙwai shida na kajinta.

Gidan kansa tsaf yake, kicin ɗin akwai duk abin girki, yara sun samu fili. Ƙauyen ba shago, sai an tuƙa mota, kuma ranar Lahadi da yamma yawancin shaguna a rufe suke, don haka a yi cefane tun Asabar. Wanda zai je ya sauke Faransanci a cikin manhajarsa tun daga gida don ta yi aiki ba intanet, kuma ya nemi mai jin harshen ya karanta masa yarjejeniya kafin ya biya ko sisi.

Ranar fita mun fasa kofi ɗaya. Na ajiye gutsattsarin a kan tebur na nuna mata. Ta girgiza kai, ta ƙirgo mini Yuro 300 ɗina cif, sannan ta ɗauki biron nan ta rubuta lambar wayarta a bayan takardar. Mun riga mun aika mata saƙo muna neman mako na biyu na Agusta mai zuwa.