Dummy plug ko direban sikirin, wanne ya fi ga kwamfutar da ba monita?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce ka cire monita daga kwamfutar ofis ɗinka na Wuse, yanzu in ka shiga ta AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga gida Kubwa baƙi ƙirin kake gani ko kuma komai ya tsuke, to ka sayi ɗan filogin nan na HDMI, wato dummy plug, ne ko ka sa direba kawai, wato manhajar da ke ƙirƙira wa kwamfuta sikirin na bogi.

Ba netwok ba ne matsalarka. Su AnyDesk da TeamViewer da Parsec hoton abin da ke kan sikirin suke ɗauka su turo maka, shi kuma katin girafik in bai ji monita a jikinsa ba sai ya ƙi fitar da hoto, ko ya sauko 1024x768 ko ma ƙasa da haka.

Shi dummy plug bai kai filash girma ba, soka shi kawai za ka yi a ramin HDMI. A cikinsa akwai ɗan chip mai ɗauke da EDID, wato bayanin da kowace monita ke ba kwamfuta cewa ga ni, ga girman hoton da nake iya ɗauka, ita kuma sai ta yarda ta ci gaba da aiki. Ba instolin ɗin komai, ba ruwansa da Windows ce ko Mac ko Linux. Aibinsa shi ne girman da aka rubuta masa a ciki shi za ka samu, 1920x1080 a 60Hz kusan duka suna yi, amma wasu masu 4K ɗin a 30Hz suke tsayawa. Kuma don Allah ɗauki hoton bayan kwamfutar kafin ka je kasuwar Banex sayen filogin, tsoffin HP da Dell na ofis da yawa DisplayPort da VGA gare su babu HDMI sam, kowane rami da nasa filogin.

Direba kuma ko sisi ba za ka kashe ba a Windows, akwai Virtual Display Driver a GitHub na Windows 10 da 11, masu Mac kuma BetterDisplay suke sawa. Nan ya fi filogin, don girman da ka ga dama shi za ka saita, har sikirin biyu ko uku in kana so. Amma a cikin Windows yake zaune, ran da wani ofdet ya taɓa shi ko direban girafik ya canza zai iya tsayawa, kai kuma kana Kubwa, hanyar da za ka shiga ka gyara ita ce ta yi baƙi, sai ka ɗauko monita ka shiga go-sulo har Wuse. Shi ya sa ni dai kwamfutar da ba na kusa da ita filogi nake sa mata, direba sai wadda ke gida.

Kafin ka sayi komai ma duba ko Windows ɗinka Pro ce. In Pro ce Remote Desktop na Microsoft shi yake ƙirƙirar nasa sikirin, ba ya neman monita ko filogi, sai dai daga wajen ofis za ka buƙaci VPN irin Tailscale, wato manhajar da za ta haɗa ka da netwok ɗin ofis daga nesa. In Home ce ba za ta karɓa ba.

Duk cikinsu ba wanda zai nuna maka BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, wannan aikin na'ura irin su PiKVM ne, kuɗinsa daban. Saboda haka maida monitar sau ɗaya, ka shiga BIOS ka saita ta kunna kanta in wuta ta dawo, galibi sunan wajen Restore on AC Power Loss ko AC Recovery, sannan ka sa fasuwad na Unattended Access a AnyDesk don kar ta tsaya jiran wanda zai danna maka Accept ofis ba kowa.