Keken da na saya wa zomona bayan an cire masa ƙafa

Tauraro uku na yi niyyar ba masu sayar da keken a wannan sharhin, don gaskiya ɗaya ce, wanda ya ƙera keken nan, irin na guragu da ake ɗaura wa zomo ya tallafe masa baya, ya iya aikinsa. Ƙarfen ba nauyi, tayoyin suna juyawa sumul ba ƙara, ɗinkin maɗaurin ya yi kyau babu zaren da ke lilo, kuma ya iso cikin kwalinsa lafiya lau. In dai kallo ne, ba ka da abin cewa. To amma ni ba don kallo na saya ba.

Zomona ƙafar baya ta hagu aka cire masa. Ta maƙale ne a wayar keji ya fizga da ƙarfi, ƙashin ya karye ba wuri ɗaya ba, daga baya kuma wurin ya tara mugunya, wanda ya san zomo ya san mugunyarsu kauri gare ta ba ta tsiyayewa da kanta, likitar dabbobin da ke duba shi ta ce gara a cire ƙafar ya huta da a yi ta fama ciwon na cin ƙashi. Aka yi tiyata ya farfaɗo, kafin wani lokaci har ya fara tsakurar ciyawa. Ɗinkin ciki aka yi masa saboda zomo in ya ga zare a waje sai ya sa haƙori ya tsinke, ta ce fatar takan haɗe cikin kwana 10 zuwa 14, haka kuwa aka yi. Wannan ɓangaren ba ni da kuka ko kaɗan.

Abin da ya dame ni shi ne ganinsa in zai tashi, ya yunƙura ya karkace ya faɗi gefen dungun, ya sake yunƙurawa, ni kuma ina tsaye zuciyata na karyewa. A haka na ci karo da bidiyon keken nan, wani zomo fari tas an ɗaura masa yana ta yawo a tsakar ɗaki hankali kwance. Kafin in biya sai da na tura musu saƙo, na rubuta ƙarara cewa nawa ba shanyewar ƙafa gare shi ba, ƙafa ɗaya aka cire, ɗayar lafiyarta ƙalau har ma ta fi da ƙarfi, zai yi masa? Amsar da aka ba ni tana nan a wayata har yanzu: “Zai yi masa sosai Hajiya, ki dai turo awo.” Na ɗauko tef na auna ƙirji, na auna daga kafaɗa zuwa ƙugu, na auna tsayi daga ƙasa, na ɗora shi a sikeli, duk na tura. Ba wanda ya sake tambayata komai.

Da keken ya zo ban sa masa ba sai da wurin ya warke sarai gashi ya fara tsirowa. Na ajiye shi kusa da inda yake kwana ya shinshina ya goga masa haɓa, yadda suke yi wa abin da suka ɗauka nasu ne, na ce alhamdulillahi sun saba. Da na zo ɗaurawa sai na lura a baya zobe biyu ne na yadi, na sa ƙafa biyu, wato na hagun fayau yake ba abin da zai shiga, dungun ma bai kai ya zauna ciki ba. Na duba takardar da ke cikin kwalin, ko kalma ɗaya babu a kan mai ƙafa ɗaya. Na dai ɗaura yadda hoton ya nuna, na sassauta bel ɗin ƙirji, na sake shi a hankali a kan kafet.

Da farko ya yi cak, kunnuwa a kwance, ido waje, hanci na ta motsi da sauri. Sai ya taka da na gaba, keken ya biyo shi, ya ji abu na bin sa a baya, shi ke nan fa. Ya sa ƙafar nan ɗaya ya daki ƙasa da dukkan ƙarfinsa, da yake ɗaya gefen ba abin da zai tare, keken ya yi sama ya kife ta gefen dungun kamar baron da aka yi wa lodi gefe guda, shi kuma yana ɗaure a ciki, ƙirji na kallon nan ƙugu na kallon can, yana ta shure-shure taya na juyawa a iska. Sai ya yi ƙara. Wallahi tunda nake da shi ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar, ko da ƙafar ta karye bai yi wannan ƙarar ba, zomo ba ya ihu sai tsoro ya kai masa maƙura. Na durƙusa na danne kafaɗarsa da hannu ɗaya na tallafe ƙugun da gwiwata ina ƙoƙarin ɓalle maƙallin da ɗaya hannun, maƙallin kuma irin wanda sai ka matsa gefe biyu lokaci ɗaya ne, ga shi ya shige ƙarƙashin cikinsa, ga hannuna na rawa. Abin da ke raina kawai ƙashin baya, don ƙashin zomo duka bai wuce kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, ga naman cinya mai ƙarfi, shuri ɗaya a murɗe yana iya karya masa gadon baya. Wanda ya ƙera wa zomo abin ɗaurawa ya kamata ya san wannan, ya sa maƙallin da ake cirewa da yatsa ɗaya a sama inda hannu ke kaiwa. Da ƙyar na fitar da shi, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin kujera, a kan tabon kuma bel ya goge gashin da ya fara fitowa wurin ya yi ja.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Daga nan ya ƙi ci. Ciyawa ya kau da kai, ganyen da yake rububi in ya ji ƙamshinsa ya kau da kai, ya dunƙule a lungu yana gurza haƙora da ƙarfi, kashinsa ya koma ƙanana busassu sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Masu zomo sun san ma'anar wannan, hanjinsu ba ya son tsayawa, in ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba to ba abin jira ba ne. Cikin dare na naɗe shi a tawul muka tafi. Likita ta taɓa bayan ta duba ƙafar ta ce Allah ya kiyaye babu karaya, amma cikin ya yi shiru, aka sa masa ruwa ta ƙarƙashin fata, aka ba shi meloxicam na rage zafi, aka haɗa ni da abincin sirinji in riƙa ɗura masa kaɗan kaɗan ta gefen baki. Duk wahalar da muka riga muka wuce bayan tiyata sai ga mu mun dawo cikinta sabuwa, saboda abin da na biya kuɗi aka ce min zai yi sosai.

Da na nuna mata hoton keken sai ta girgiza kai. Ta ce Hajiya wannan ai na wanda ƙafafun bayansa biyu suka shanye ne, wanda ba zai iya shuri ba, shi ya sa na bidiyon yake tafiya salun alun. Mai ƙafa uku ba keke yake nema ba, da kansa yake koyon matso da ƙafar da ta rage zuwa tsakiya ya daidaita, abin da yake so ƙasa ce wadda ba ta santsi. Ta kuma ce ko wanda keken ya dace da shi ba a barinsa ciki ya daɗe, don a ɗaure ba zai iya lanƙwasawa ya kai bakinsa ƙasa ya ci kashin nan mai laushi da suke ci ba, wanda jikinsu ke buƙata, ba kuma zai iya kwanciya ya miƙe ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a takardarsu, babu a shafin da na yi oda.

Na rubuta musu duk abin da ya faru har da hoton tabon. Aka ce wai bai saba ba ne, in ci gaba da sa masa kullum zai saba. In sake sa masa?? Na ce a'a ni dai a karɓi kaya a mayar min da kuɗina tunda na yi tambaya kafin in saya. Aka ce in turo hoton keken, na tura, sai ga amsa wai akwai gashi a jikin maɗauri don haka an yi amfani da shi, ba a karɓar wanda aka yi amfani da shi. To da me zan gwada, da 'yar tsana? Na turo musu hoton saƙonsu na farko inda suka ce zai yi sosai, daga nan aka daina ba ni amsa, ana dai karantawa. Yanzu da nake rubutun nan ma raina ya sake ɓaci, tauraro ukun nan ba za su samu ba.

Abin dariya, abu ɗaya da ya yi min amfani a kwalin shi ne ɗan ƙyallen shimfiɗa mai laushi da suka sa a matsayin kyauta. Shi na shimfiɗa a inda ya fi zama, na sayo irinsa manya na rufe tayal ɗin ɗakin duka, na yanke gefe ɗaya na robar da yake fitsari ya zama ba sai ya yi tsalle ba zai shiga. Tun daga nan tafiyarsa ta canza, yanzu in ya ji motsin ledar ciyawa da gudu yake zuwa, a ɗan karkace dai amma gudu ne. Tafin ƙafar da ta rage nake dubawa kullum, don zomo ba shi da tsoka mai taushi a tafin ƙafa irin ta kyanwa, gashi ne kawai, yanzu kuma nauyin baya duka a kanta yake, in gashin dunduniyar ya zube gyambo ne zai biyo, shi ya sa ma na rage masa abincin buhu kada ya yi ƙiba. Kunnen hagu kuma ni ce ƙafarsa, tunda da ƙafar baya suke sosa kunne su fitar da dauɗa, nakan sa yatsa in sosa masa gindin kunnen in goge bakin da auduga, in ka ga yadda yake karkato kai yana lumshe ido dungun na motsi shi kaɗai wai shi ma yana sosawa, sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka. Ƙarƙashin wutsiya ma ina dubawa saboda wani lokaci kashi na manne masa, in aka bari ƙuda ya yi ƙwai a wurin tsutsa ce, ina gogewa da tsumma mai ɗan ɗumi, ba na tsoma shi a ruwa.

Wanda nasa ƙafafun biyu suka shanye wataƙila keken ya yi masa, ya dai fara nuna wa likitansa, ya kuma canza maƙallin nan kafin ya ɗaura. Mai ƙafa uku kam kada ya soma. Na ba su tauraro ɗaya, shi ma albarkacin ƙyallen ne, kuma ina nan ina jiran kuɗina.