Duwatsun kabari 20 na Woodland Scenics: abin da na gani bayan na kafa su

Shekara uku ke nan ina gina ɗan ƙauyen Ingila a kan tebur, layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa. Ma'aunin OO nake bi, wato 1:76, wanda Turawan Ingila suka fi amfani da shi: milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya. Tasha ta kammala, coci ma ya tsaya a kan ɗan tudu, amma filin da ke kewaye da shi ya zauna fayau. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙauyukan Yorkshire ta tagar jirgin ƙasa ya san tsohon coci ba ya rabuwa da maƙabartarsa. Shi ya sa na sayi fakitin duwatsun kabari na Woodland Scenics, wani kamfani mai ƙera irin waɗannan ƙananan kaya a jihar Missouri ta Amurka.

Guda 20 ne a ciki, na zubin ƙarfe mai laushi, ba fenti. Don ma'aunin HO aka yi su, wato 1:87, saboda haka na ɗan yi fargabar za su yi ƙanƙanta. Ashe babu komai. Dutsen da tsayinsa ya kai santimita 90 yakan koma kusan milimita 10 a HO, 12 a OO, kuma da ma duwatsun kabari ba tsayi ɗaya gare su ba. Da na ajiye ɗan mutum-mutumi a gefensu, ido bai ga bambanci ba. Abin da ya fi burge ni shi ne siffofinsu sun bambanta, kuma suna da ɗan nauyi, ba sa tashi da numfashi kamar na roba idan ka sunkuyo kana aiki.

Aikin gaske sai bayan an buɗe fakiti. Na wanke su da ruwan sabulu don fenti ya kama, na goge bakin zubin da ƙaramin magagari, na fesa musu fenti mai launin toka. A nan suka fito fes, kamar jiya aka sassaƙa su, kuma wannan ba shi nake nema ba. Sai na tsinka baƙin fenti da ruwa har ya koma kamar ruwan shayi, na shafa, ya gangara cikin kowane lungu. Da ya bushe na ɗauko burushi, na goge shi a tsumma har kusan ba sauran fenti, na bi gefuna da fari-fari. Daga ƙarshe na ɗiga kore da rawaya da tsinken sakace, a madadin gansakuka da tabon da ke fitowa a jikin tsohon dutse. Dare biyu na yi a kan wannan, matsefata a hannu, fitila kusa da fuska.

Wajen kafawa na yi kuskure, na jera su sahu-sahu kamar ɗaliban firamare. Matata ta leƙo ta ce, "Baban Amina, wannan ai kamar ba a taɓa kuka a wurin ba." Gaskiya ta faɗa. Na tumɓuke su duka, na koma na tsaya a wata tsohuwar maƙabartar coci na duba da kyau. Kaburburan suna miƙe ne gabas da yamma, tsofaffin sun fi taruwa a kudancin ginin, arewa kuwa ba su da yawa. Wasu duwatsun sun karkace, wasu ƙasa ta haɗiye rabinsu. Haka na sake yi: na huda soson da na shimfiɗa a madadin ƙasa, na ɗiga gam, na karkata wannan gaba, wancan gefe, ɗaya na kwantar da shi cikin ciyawa. Na dasa bishiyar yew guda, mai duhun ganye, don da wuya ka ga irin wannan wuri babu ita.

Ciyawar ce ta wahalar da ni. Na'urar da ke miƙar da zaren ciyawa da lantarki, wata mai araha da na saya a intanet, ta mutu a rana ta biyu. Aron ta wani abokin sana'a na yi. Gajere mai milimita 2 na zuba a kan hanya, mai milimita 6 a gindin duwatsu da jikin katanga, inda mai yankan ciyawa ba ya kaiwa.

Ina cikin wannan aiki zuciyata ta yi ta komawa gida, inda kabarinmu tudun ƙasa ne kawai, wani lokaci da fasasshen tulu a kai, mamaci na fuskantar alƙibla. Addini ya bambanta, amma ban iya ɗaukar wurin da wasa ba. Ban sa masa ƙwarangwal ko fatalwa ba kamar yadda wasu ke yi, tsohuwa ɗaya kawai na tsayar, riƙe da furanni.

Ga mai coci ƙarami fakiti ɗaya ya isa, in fili ya kai faɗin tafin hannu biyu a sayi biyu, a kuma tanadi fenti da gam tun da wuri. Ni na riga na yi odar na biyu, don kudancin cocin har yanzu da sauran wuri.