Akwati, rodi da waya: abin da za ka saya don yi wa injin yankan filasma atin

Ranar da muka fara gwada teburin CNC, wato teburin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, wanda muka haɗa da hannunmu a shagon walda a Birnin Kebbi, toci ya bi zanen furen get tsaf babu gargada, amma fa ba a kunna wutar yanka ba. Ana kunnawa sai kwamfuta ta rabu da allon lantarkin da ke juya injin, inji ya tsaya cik a tsakiyar farantin mutane. Yarona ya ce, "Maigida, anya allon nan ba jabu ba ne?" Na biye masa na sayo wani. Shi ma haka. Ashe laifin yana ga akwatin roba da na zuba kayan a ciki, da kuma soket ɗin shago wanda ƙafarsa ta uku ba ta haɗe da komai ba.

Abin da masu wayarin ke kira atin, wato haɗa jikin kaya da ƙasa, aiki biyu yake yi a nan. Yana kare ranka idan wuta ta taɓa jikin ƙarfe, yana kuma kwashe hayaniyar lantarki da filasma, wato wutar yankan, ke watsawa kafin ta rikita allo. Wanda ya riƙe wannan ba zai bari mai shago ya zaɓa masa kaya ba.

Idan har ba ka riga ka sayi injin yankan ba, to daga nan zaɓi ke farawa. Yawancin masu arha, irin CUT-50 da suka cika kasuwa, suna tayar da wuta ne da tartsatsin dubban volt, wanda ake rubuta wa HF. Wannan tartsatsin ne babban abokin gabar allon Arduino da wayar USB. Akwai kuma waɗanda iska ce ke janye bakin toci daga ciki wuta ta tashi, kamar Powermax na kamfanin Hypertherm, hayaniyarsu kaɗan ce ƙwarai. Sun fi tsada nesa ba kusa ba. Mai HF yana aiki a kan CNC, nawa ma shi ne, sai dai wani ɓangare na kuɗin da ka rage wajen sayensa zai koma kan jan ƙarfe.

Akwatin roba dai a manta da shi. Ba ya tsatsa, yana da sauƙin hudawa, amma hayaniya ratsa shi take yi kamar iska ta ratsa zana. Akwatin ƙarfe irin na fanel ɗin lantarki shi ne zaɓina: idan ka haɗa shi da ƙasa, ya zama garkuwa ta kowane gefe. Na alminiyon ya fi sauƙin nauyi da fitar da zafi, sai dai tsada, kuma inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyon wurin yakan ci idan danshi ya shiga. Tsohon gidan kwamfutar tebur ma yana yi ga mai ƙaramin ƙarfi, matsalarsa ramuka. Ƙurar filasma garin ƙarfe ce, tana ɗaukar wuta, ga kuma ta hunturu, ka ga allo ba zai yi tsawon rai ba sai ka toshe ka sa fanka mai matata. A nan da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kulle akwati ruf babu fanka shi ma kashe kaya ne.

Wajen saye ka buɗe shi ka duba ko akwai kusar atin da aka yi wa walda a jiki, da wata a murfi. Hinji ba ya isa ya haɗa murfi da jiki, sai da guntuwar waya. Idan babu kusar, ka huda, ka kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, ka sa wosha mai haƙora. Fenti ya sha yaudarar mutane: noti a ɗaure tam, amma wuta ba ta wucewa.

Rodin da ake kafawa a ƙasa ne wurin da aka fi cin kuɗin mutane. Iri huɗu za ka tarar. Rodin gini kusan kyauta ne a shagon walda, amma tsatsa na lulluɓe shi, haɗinsa da ƙasa ya riƙa raguwa ba ka sani ba. Bututun galbanaiz ya fi shi daɗewa. Na uku ƙarfe ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe, galibi mai kaurin milimita 16, shi ne ya fi dacewa da mu don yana jure duka. Mai kyau rufinsa yakan kai kwatan milimita, jabun kuwa wanke shi kawai aka yi da launi. Na taɓa saye a wani shago, guduma uku launin ya fara ɓarewa. Ka karce shi da zarto a gaban mai kaya: idan fari ya bayyana nan take, ajiye masa abinsa. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, tunda mai kyan ma cikinsa ƙarfe ne. Na huɗu zallan jan ƙarfe ne, ba ya tsatsa, amma yana lanƙwashewa a ƙasa mai tauri, ga tsada, ga idon 'yan jari-bola.

Tsawo ya fi kauri amfani, domin danshi ake nema. Mai shago a bakin fadama, ko a Argungu da Yauri kusa da gulbi, rodi ɗaya mai mita 2.4 zai iya wadatar da shi. Wanda ke kan tudu mai marmara, ko wajen Zuru da dutse ke tare rodi, gajere mai mita 1.2 ado ne kawai da rani. Ko dai ya sayi masu haɗuwa da juna ya yi ta turawa, ko ya kafa biyu ko uku da tazarar da ba ta gaza tsawon rodin ba, ya haɗe su da waya. Gawayi da gishiri da aka saba zubawa suna aiki, amma gishiri na cin rodi, damina kuma na wanke shi. Bentonait, yumɓun nan da masu haƙar borehol ke amfani da shi, yana riƙe ruwa ba tare da ya ci ƙarfe haka ba, kuma a wurinsu za ka fi samunsa. Rodin ya zauna kusa da tebur. Hypertherm na cewa kada ya wuce mita 6, da waya aƙalla mai lamba 16, wato murabba'in milimita 16.

Wayar ma akwai ta alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. Ba ta da nauyi a hannu, idan ka kankare silinta fari ne, idan ka sa mata ashana sai ta langaɓe. Tsakanin akwati da tebur kuwa, shimfiɗaɗɗiyar waya mai saƙa ta fi zagayayya, saboda hayaniya mai saurin kaɗawa a fatar waya take gudu, faɗi ne ke taimakonta. Gajeruwa, miƙaƙƙiya, kada a naɗe ragowar.

Duk wannan kaya banza ne idan aka yi masa haɗin sarƙa, wannan ya kama wancan. Ka ɗaura guntun jan ƙarfe mai ramuka a jikin tebur, kowa ya zo da wayarsa can: rodi, akwati, gadar da ke ɗauke da toci, da wayar kilif ɗin filasma. Kilif ɗin nan da muke kira atin a walda ba atin ba ne, hanyar komawar wutar yanka ce zuwa inji, don haka kada ta ratsa ta akwati. Wayoyin sitefa, wato motocin da ke tura toci, da na makunnan da ke tsayar da inji a iyakar tebur, ka sayi masu rigar saƙa, ka kama rigar a jikin akwati daidai mashiga, kuma kada su kwanta tare da wayar toci. Zoben ferait, baƙin zoben nan mai shanye hayaniya, a kan wayar USB yana rage matsala, amma allon da ke magana da kwamfuta ta wayar Ethernet ya fi jurewa.

Wani zai ce maka ka ɗauki atin daga nutural, ko ka cire na soket don hayaniya ta ragu. Kada ka yarda, rai ake magana. Jikin janareta ma a haɗa shi da rodin, a kuma sa wa layin akwatin abin da ke katse wuta idan ta zurare, mai miliamfa 30.

Bayan haɗi, ƙaramar mitarka za ta nuna maka ko daga murfi zuwa tebur bai kai ohm 1 ba. Rodin kansa sai mita ta musamman mai turaku, wadda za ka samu wurin ƙwararren mai wayarin. Dokar lantarki ta Amurka ta ce rodi ɗaya da ya haura ohm 25 a ƙara masa na biyu. Ka kira mai awon a watan Maris ko Afrilu. Awon Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ko rodin gini zai ci jarrabawa.