Digimon World na ɗaya ko na biyu? Ɗauki na ɗaya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka saya. Tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, tsakanin Digimon World na ɗaya da na biyu na PlayStation ta farko, ɗauki na ɗaya ka huta. Duka biyun suna akwatina, amma guda ɗaya nake cirowa.

Ka tuna daga inda abin ya taso. Kamfanin Bandai ya fitar da Tamagotchi, na'urar kiwon dabbar wasa, a 1996, a 1997 kuma ya biyo da Digimon, 'yar na'urar aljihu mai ɗan dodo a ciki: ka ciyar da shi, ka horar da shi, ka haɗa taka da ta abokinka su gwabza. Digimon World na ɗaya, wanda ya fito a Japan a 1999, a Amurka a 2000, wannan kiwon ya kwaso gaba ɗayansa ya zuba a tsibirin File. Dodo ɗaya gare ka, Agumon ko Gabumon, gwargwadon amsar da ka ba tsoho Jijimon. Dodon naka yana jin yunwa, yana jin barci, kuma idan alamar bayan gida ta fito a saman kansa, sai ka ruga da shi makewayi. Ka bari yana yi a ƙasa, wata rana ka ga ya rikiɗe ya zama Sukamon, kashi mai ido da baki.

A nan dabarar take, ba a filin faɗa ba. A faɗa shi yake yin gaban kansa, kai sai dai ka jefa masa magani ka ba da umarni daga gefe, umarnin ma ba ya ƙaruwa sai ƙwaƙwalwarsa ta ƙaru. Abin da zai zama kuwa ya rataya ne a kan nauyinsa, da irin horon da ka ba shi, da yawan sakacin da ka yi da shi. Kamar kiwon ragon layya ne, abin da ka zuba shi za ka gani. Idan lokacin girma ya yi bai cika sharaɗin komai ba, Numemon, dodo marar ƙarfi, za a miƙo maka. Ga shi ransa ƙidayayye ne, zai tsufa ya mutu ya koma ƙwai, don haka kowane yini sai ka yi lissafi: horo za a yi yau, ko fita neman dodannin da za su dawo su raya garin da kake zaune a tsibirin?

Ni da ƙanena har littafi muka ware muna rubuta nauyi da lambobin ƙarfi. Shi ne mai gadin makewayi, da alamar ta fito zai fizge abin bugawa daga hannuna ya sheƙa da gudu. Ranar da Agumon ɗinmu ya tsaya cak, haske ya lulluɓe shi, ya fito Greymon, ihun da muka kurma sai da Umma ta leƙo tana tambayar wa ya ji ciwo.

Na biyun (Japan 2000, Amurka 2001) a takarda shi ne mai dabara: uku da uku, bi da bi, dodannin iri uku ne, Vaccine na cin Virus, Virus na cin Data, Data na cin Vaccine, kana yawo cikin kurkuku a tankar Digi-Beetle da kowane taku ke shan mai. Amma babu ciyarwa, babu reno, faɗan kuma jan ƙafa gare shi. Dodonka na kai iyakarsa sai ka haɗa shi da wani, ka koma baya ka sake hawa. Kuɗina dai ya tafi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Ainihin faifan PlayStation bayansa baƙi ne. Wanda ya miƙo maka mai bayan azurfa ko shuɗi yana rantsuwa orijinal ne, kwafi ne, ka biya kuɗin kwafi. Baƙin ma ba hujja ba ne, akwai faifan kwafi mai baƙin baya. Duba lambar jikinsa: SLUS na Amurka, SLES na Turai, SLPS na Japan, wanda rubutunsa duk Japananci ne, kuma mai shago ba zai faɗa maka ba. Na'urar da ba a sa mata cip mai buɗe ta ga kowane faifai ba faifan yankinta kawai take karantawa. Na biyun bai taɓa fita a Turai ba, duk wanda ya ce yana da orijinal ɗin Turai ƙarya yake. Digimon World 2003 da za a iya nuna maka, na uku ne aka sauya wa suna.

Nemi bugun Amurka idan na'urarka za ta ɗauka, domin a wasu bugun Turai akwai Agumon da ke tare ƙofar sansanin Ogremon ya hana ka wucewa. Na Amurkan ma da nasa aibin: kada ka taɓa akwatin kiɗan dodo Giromon da ke cikin wasan, wasan daskarewa yake. Ka sa a kunna maka faifan a gabanka ya wuce tambayoyin Jijimon kafin ka miƙa kuɗi, ka haɗa da memori kad na ajiye wasa a cikin cinikin.